Damagaram: neman mai rikoda a Kasuwar Dole

Wannan mako ba labarin Yamai na kawo muku ba. Daga Damagaram nake, kuma abin da ya kai ni can bai fi tafin hannu girma ba. Kaset ne guda, samfurin TDK mai minti 60, wanda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rubuta wa a goshi da jan bik, da irin rubutun malaman lakwal na da: "Suna, 1989". Sunan kuwa nawa ne. A cikin kaset ɗin akwai makaɗin da ya zo taron, akwai guɗar mata, akwai kuma muryar mai gidan da kansa yana yi wa baƙi godiya. Shekara 6 ke nan da rasuwarsa. Inna ta kira ni a waya ta ce ta buɗe akwatinsa ta tarar da abin, tana so ta ji, amma duk gidan babu rikoda mai rai, haka nan gidajen maƙwabta. Ta ce tun da ni ne ɗan boko, sai in zo in san yadda za a yi.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma wanda ya saba hanyar ya san jerin garuruwan kamar karatun allo: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Madawa, Maraɗi, Tasawa. Muka tashi bayan asuba. Ina yaro, idan muka hau mota zuwa hutu, direba shi ne sarkin kunnuwan kowa. Yana da tarin kaset a gabansa cikin kwalin sukari, abin da ya ga dama shi za a ji, yawanci Mamman Shata, har ma fasinjoji kan yi gardama kan wanda aka yi wa waƙar da abin da ya ba makaɗin. A wannan tafiya direba ya soka wani ɗan abu kamar ɗan yatsa a jikin rediyonsa, waƙoƙi suka yi ta zuba daga Doso har Tasawa ba a maimaita ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya saurara. Kowa ya toshe kunnensa da zaren wayarsa. Ɗan kasuwar da ke kusa da ni yana jin wa'azi, yarinyar da ke bayanmu tana jin waƙar fim ɗin Kano. Mutum 70 a mota guda, ba biyun da ke jin abu ɗaya.

Na kwana a gidanmu a unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Garin ya sake fuska tun bikin Zinder Sabuwa na 2018, an yi kwalta da fitilu inda muka san rairayi, amma lungunan Birni suna nan yadda suke, da duwatsunsu da katangun ƙasa masu zane. Inna ta miƙo mini kaset ɗin a naɗe cikin ƙyalle, kamar mai miƙa laya. Washegari Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, na nufi Dole.

Duk wanda ya girma a garin nan cikin shekarun 1990 ya san cewa kafin ka ga layin masu kaset, kunnenka ya riga ya isa. Rumfa goma, lasifika goma, kowa ya ƙure tasa. Nan Ɗanƙwairo, can Ɗan Maraya Jos, gaba kaɗan waƙar Indiya, a tsakiya kuma kiɗan Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadarmu. Kaset a jere bisa katako har rufin rumfa, hotunan mawaƙa suna kallon masu wucewa. Yanzu na zaga sau biyu ban gane wurin ba. Abin da na tarar sai masu sayar da caja da murfin waya, da samari zaune kan benci, kowanne da kwamfuta a cinya da tulin igiyoyi a gabansa. Su ne masu tura waƙa.

Na zauna wajen ɗaya daga cikinsu, matashi ne da bai wuce shekara 25 ba, mai fara'a, ya yi lise har aji na biyu kafin ya bari. Sana'arsa ba ta da wuyar bayani. Ka kawo wayarka ko ɗan katin nan da ake kira memuwar, ka faɗi abin da kake so, ya zuba maka. Waƙa guda dala 5, in kuwa cika katin za a yi, a yi ciniki, jikka guda ta isa mutum ya tafi da abin da ba zai gama ji ba har damina ta faɗi. Ya ce masu zuwa wurinsa yanzu galibi mutanen ƙauye ne da ke shigowa cin kasuwa, waɗanda intanet ba ta ishe su ba ko kuɗinta ya fi ƙarfinsu. Ƴan birni sun daina zuwa, suna tura wa juna ta WhatsApp da Xender. Watau shi ma da ya kori mai kaset, ga nasa mai korar ya iso bakin rumfa.

Na roƙe shi ya nuna mini abin da yake da shi na makaɗan da. Ya buɗe wata ma'ajiya da ya sa wa suna "Gargajiya", sai ga waƙoƙi sun fi dubu. Amma sunayensu! Rabinsu lambobi ne da baƙaƙen da waya ke liƙa wa saƙo, wasu an rubuta "tsohuwar waƙa 14", wasu "mai daɗi". Na taɓa guda da aka sa wa sunan Ɗanƙwairo, da kiɗan ya tashi sai na ji Ɗan Alalo ne, wanda ko jaririn Birni ba zai ɓata shi ba. Na ce masa ai wannan namu ne na nan gida, wancan kuwa mutumin ƙasar Zamfara ne.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, haka na same ta. Kuma wallahi tun da na fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa tambayata sai kai."

Da na fito da kaset ɗina ya jujjuya shi, ya ce shi dai bai da abin da zai ci wannan, amma in bi ta bayan masu tukwane, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo.

Tsohon na zaune a wata ƴar rumfa da ba ta fi tabarma biyu ba, gilashi a kan hanci, gawarwakin rediyo sun kewaye shi. A bayansa, cikin wani kabad mai ƙura, na hango abin da na zo nema: kaset wajen 300, da rikoda National Panasonic mai baki biyu. Na yi sallama na durƙusa muka gaisa. Da na faɗi ɗan wane ne ni, sai ya cire gilashin ya yi wa mahaifina addu'a. Ya ce ai mushe abokin cinikinsa ne, ƙarshen kowane wata in albashi ya fito sai ya zo ya ɗauki kaset biyu, in albashin ya makara, kamar yadda ya yi ta makara a shekarun nan, ya ɗauka bashi.

Ya ba ni labarin sana'ar ba tare da ya yi mata kwalliya ba. Ya ce duk wata yakan bi ta Matamai ya shiga Kano, ya sayo sababbin fitowa guda-guda, da katan-katan na kaset marar komai. In ya dawo, rikoda mai baki biyu ta kwana tana aiki, uwa a baki ɗaya, ƴaƴa suna fita ta ɗayan. Hoton bango kuma a kai wa mai fotokofi. Kaset na asali mai kyan murya na masu hali ne, kwafi kuwa dala 100, kowa ya samu. Ya ce da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 kayan waje suka yi tsada, mutane suka koma kawo tsohon kaset a shafe a ɗora sabo, har ya ce Allah kaɗai ya san yawan waƙoƙin da ya kashe da hannunsa ta wannan hanya. Daga baya faifan CD ya zo, amma bai yi ƙarko ba a ƙasar nan. Ƙura ta karce shi, zafi ya lanƙwasa shi, in ya lalace kuma ba mai iya ɗinke shi. Bai yi shekara 10 yana tashe ba waya ta shigo ta share kowa.

Na ce, "Baba, to cikin duk kaset ɗin da kuka buga, nawa kuka taɓa ba mawaƙan?"

Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Ko tamma, ɗana. Kuma su ma ba su zo nema ba. Wani ma shi ke kawo mini nasa ya ce in yaɗa."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ta bambanta da abin da muke karantawa a jaridun Faransa da Amurka kan wannan batu. Can, gardamar sayen faifai ko sauko da waƙa daga intanet gardama ce ta kuɗi da mallaka. Kamfanin Apple ya buɗe kantinsa na iTunes a 2003 yana sayar da waƙa guda santi 99, mutane suka yi murna sun huta da tara faifai. Sai daga baya suka gane cewa abin da suka biya izinin saurare ne, ba haja ba ce. A 2013 wata kotu a birnin New York ta yanke hukunci kan wani kamfani mai suna ReDigi, wanda ya buɗe kasuwar gwanjon waƙoƙin da aka saya ta intanet, ta ce ba a yi. Faifanka kana iya sayar da shi, ka ba da aro, ka bar wa magada. Waƙar da ka sauko da ita kuwa ba ka da ikon kai ta kasuwa. Ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin sunan kayan da ka biya kuɗinsa amma ba ka iya sayarwa. Yau ma saukowar kanta ta ja baya a can, fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin waƙa a Amurka daga saurare kai tsaye yake fitowa, yawanci daga masu biyan kuɗin wata, ranar da ka daina biya a rufe maka ƙofa. Ga kuma abin mamaki: a 2022, a ƙasar ta Amurka, faifan garmaho irin na kakanninmu ya fi CD fita, karo na farko tun 1987.

Mu a nan ba mu taɓa sayen izini ba, kuma makaɗinmu bai taɓa cin abinci daga kaset ba. Abincinsa na wajen biki da naɗin sarauta da ƙofar masu hali, kaset ɗin ɗan aike ne da ke kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu fasaha tun 1993, akwai ofishin BNDA da aka kafa domin ta, kuma mawaƙan zamani masu biyan kuɗin situdiyo daga aljihunsu suna da gaskiya in sun yi kuka. Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya cewa zamanin kaset zamanin adalci ne, saurayin kwamfuta ya zo ya ɓata. Abin da tsoho ke yi da dare da rikoda mai baki biyu shi ne yaron ke yi da rana, sai dai nasa ya fi sauri.

In ma za a yi adalci, waya ta yi wa waɗansu abin da kaset bai taɓa yi ba. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan mai jita ɗan jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa a irin situdiyon masu waƙar fim. Ba kamfanin da ya fitar da su, ba ɗan kasuwar da ya ɗauke su a mota. Daga waya zuwa waya suka bi hamada har Kidal ta ƙasar Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yake tattara abin da matasa ke ji a wayoyinsu. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya buga waɗannan waƙoƙi a faifan garmaho, bayan ya sha wahalar gano masu su domin ya ba su rabonsu. Yau Mdou Moctar yana zaga duniya da jitarsa. Ku lura da wahalar nan ta gano masu waƙa, ita ce dai cutar da na gani a kwamfutar saurayin Dole: waƙa ta yi tafiya, sunan mai ita ya faɗi a hanya. Shi kuwa Mamman Sani, wanda ƙasar nan ta daɗe tana jin kiɗan organsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kaset ɗin da ya yi a 1978 ne ya ajiye shi. Kaɗan aka buga, amma da yake abu ne mai jiki, da suna da hoto, guda ya zauna a kan kanta a Yamai shekara da shekaru har wannan Ba'amurken ya ci karo da shi, aka sake buga shi a 2013.

A ganina nan ne asarar take, kuma ba ta kuɗi ba ce. Kaset yana da goshin da ake rubutu a kai. Yana shiga akwati, ya jira shekara 30 ba ya neman caji, a raba gado a same shi. Wani ɗan'uwana ma'aikacin gwamnati ya tara waƙoƙi da karatu da muryoyin ƴaƴansa na shekara 8 a waya guda, aka zare ta daga aljihunsa a tasha, ya dawo gida kamar wanda gobara ta ci ɗakinsa. Kuma ina tambayar kaina, cikin dubban bukukuwan da ake ɗauka da waya kowace Asabar a garuruwanmu, nawa ne jikoki za su samu?

Amma kada in yabi kaset fiye da kima, domin nawa ma ya kusa ba ni kunya. Da tsoho ya sa shi a rikoda ya danna, sai muka ji ƙugi, zaren ya tsaya. Ya yi maza ya kashe. Ya ce zaren ya manne da juna saboda zafi da daɗewa, in aka matsa masa zai tsinke. Ya kwance ƴan kusoshi biyar na jikin kaset ɗin, ya buɗe shi a kan farar takarda, ya ciro zaren ya mayar cikin wani gidan kaset mai lafiya. Sannan ya soka bik a rami ya shiga juyawa a hankali, daga farko har ƙarshe, ya komo, sau biyu. Ya ɗauki kusan awa guda, ni kuwa ina zaune ina kallon yatsunsa, ban iya ko shan shayin da aka kawo mini ba. A wuri ɗaya zaren ya riga ya cukurkuɗe ba gyara. Ya sa reza ya yanke kamar tsawon ɗan yatsa, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ya hura. Ya goge kan rikoda da auduga da alkol.

Ya ce, "Sau ɗaya zan yarda a juya shi, ɗana. In kana so ya zauna, kira yaron can ya kawo injinsa."

Ashe sun saba. Saurayin ya zo da kwamfutarsa da wata igiya, ya durƙusa ya gaida tsoho, ya soka baki ɗaya a rikoda ɗaya a kwamfuta. Ya ce a wata yakan yi irin wannan aiki sau uku ko huɗu, yawanci wa'azin malaman da suka rasu ko kaset ɗin da ƴan ci-rani suka riƙa aiko wa iyalansu maimakon wasiƙa. Kuɗin aikin raba shi suke yi.

Tsoho ya danna. Aka ji shuuu na ɗan lokaci, sai kalangu ya tashi, sai hayaniyar tsakar gidanmu ta shekara 30 da wani abu, har da kukan rago. Makaɗin yana ta jero kakannina, waɗansu sunayen ban taɓa jin su ba. Masu tukwane suka matso. Wajen minti na 20 kiɗa ya lafa, wani ya yi gyaran murya, sai ga mahaifina, da murya ta saurayi wadda ban san shi da ita ba, ƙarami a kan yadda nake yau. Yana godiya ga mutanen unguwa, ya ambaci abokan aikinsa na lakwal, ya fara cewa yana roƙon Allah ya sa yaron nan ya zama, sai maganar ta yi tsalle, ta faɗa kan amin ɗin jama'a. Daidai wurin da reza ta bi ke nan.

Tsoho ya ce in yi haƙuri. Na ce ba komai, Baba, kuma har raina ba komai ɗin.

Kafin saurayin ya zuba mini a waya na ce ya dakata, na karɓi kwamfutar na rubuta wa abin suna da kaina: sunan mahaifina cikakke, da unguwa, da shekara, da sunan makaɗin kamar yadda tsoho ya tuna mini shi. Na kuma sa ya gyara na Ɗan Alalo. Ya gyara yana murmushi, ya ce to sauran dubun fa? Na biya su, na sayi kaset uku daga kabad ɗin tsoho duk da ba ni da abin jin su, shi ma ya san haka, bai ce komai ba.

Da dare na kunna wa Inna a waya. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe ba ta yi magana ba, ta ce a sake. Da aka zo wurin tsallen na tambaye ta ko ta tuna abin da ya roƙa mini. Ta ce ita tana cikin ɗaki ranar, amaryar jego ba ta fita. Na tura wa ƙanwata da ke aure a Maraɗi, cikin minti ɗaya ta samu, ta kira tana kuka. Na ce ta duba mini sunan da abin ya iso da shi. Ta karanto mini baƙaƙe uku da jerin lambobi.

Inna kuwa ta miƙo hannu ta ce in ba ta kaset ɗinta. Na ce ai yanzu ba a bukatarsa, tsoho ma ya ce ba zai sake juyuwa ba. Ta karɓa, ta duba rubutun jan bik ɗin da tsoho ya ɓamɓaro ya liƙa a sabon gidan, ta naɗe shi cikin ƙyallensa, ta tashi ta buɗe akwati.